Injin Da Ya San Tsayawa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu, ina so mu ɗan yi magana a kan injin niƙa. Kusan kowane gida a Kurfi yana aika yaro da ƙwaryar surfe zuwa inji, amma ban taɓa jin an tambayi mai inji yadda ake tsayar da shi ba. Kowa tashinsa yake jira.

Ni dai na sani, domin duk hutu ina taya kawuna aiki a nasa. Sai ka zagaya baya, ka danne ƙarfen da ke yanke mai, sa'an nan ka tsaya kana kallo, don babbar tayar nan ba ta tsayawa nan take. Bel kuwa a buɗe yake gudu, daidai tsawon yaro. Bara hannun rigar wani yaro ya shiga bel a wani inji da ba na kawu ba. Allah ya taƙaita, yatsu biyu ya rasa. Aka yi jaje, washegari inji ya ci gaba da aiki.

Da na kai maganar ga malaminmu na kimiyya, sai ya ba ni labarin manyan masana'antu. Ashe a can akwai kwamfutar da ke tafiyar da aiki, akwai kuma wata dabam wadda ba ta da aiki sai gadin rai. Ƙwaƙwalwa biyu gare ta, kowace tana bin lissafin 'yar'uwarta. Da zarar sun saɓa, sai ta kashe inji. A gaban inji akan jera zaren haske kamar labule. In hannu ya gitta, kafin ƙiftawar ido an tsaya. Ga kuma jan maɓalli mai kama da laimar kwaɗi, wanda kowa ke iya duka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda waɗannan masu gadi suke magana da juna ta waya ɗaya. Kowane saƙo yana da lambarsa da lokacin isarsa. In ya makara, ko ya zo a gurguje da kuskure, ko ɓera ya ci wayar, ba a cewa bari mu jira mu gani. Shiru kansa umarni ne na tsayawa. Kai, ko mai gadin makarantarmu bai kai haka tsanani ba!

Ba a banza aka kai ga wannan ba. A watan Disamba na 1984 iska mai guba ta tsiyaye daga masana'antar Union Carbide a garin Bhopal na Indiya, ta kashe dubban mutane, alhali wasu kayan tsaron wurin a kashe suke a daren. A 2017 kuma wasu ɓarayin kwamfuta suka kutsa cikin na'urorin tsaro masu suna Triconex a wata masana'antar sarrafa mai ta Saudiyya. Na'urar ta ga lissafinta ya saɓa, ta tsayar da aiki, ta haka asirinsu ya tonu. Wato ita ma mai gadin tana bukatar a tsare ta.

Na san babu mai injin da zai sayi irin wannan a garinmu, ba kuma shi nake roƙo ba. Murfin ƙarfe a kan bel, ai mai walda ma ya iya.

Na ce, "Kawu, a rufe bel ɗin nan mana."

Ya ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake niƙa."

Na ce, "Haka ne, Kawu, amma su masu kawo niƙan jiya aka haife su."

Ya yi shiru. Yanzu dai mai walda ya zo ya auna, kawu ya ce za a yi bayan kaka. Saura babbar tayar, wadda ni da malam muke ta zane-zane a kan yadda za a yi mata birki.