Takobin da Ba Ya Fita Kube

A wani daren Asabar cikin damina, bayan sallar isha'i, muka tarar da yaran gidanmu sun yi cincirindo a baranda sun kewaye waya guda ɗaya, ko tari babu mai yi. Duk wanda ya san gidajen haya na zangon Kumasi ya san shirun yara goma sha biyu abin a bincika ne. Muka matsa kusa. Daga cikin wayar wata ƙara ke fitowa kamar ana buga itace biyu, ga kuma hoton wani mutum mai dogayen kunnuwa da jan zane a fuska, ya goyo akwatin katako, yana tsaye a ƙofar wani masauki ana ruwan sama. Ƙanenmu da ke karatu a jami'a shi ya zo da abin. Ya ce mu zauna mu kalli kashi ɗaya kawai. Ba mu tashi ba sai da cajin wayar ya ƙare.

Sunan shirin Mononoke. Katun ne na ƙasar Japan, irin wanda ake kira anime, kamfanin Toei Animation ya fitar da shi a shekarar 2007, Kenji Nakamura ne ya ba da umarni. Kashi goma sha biyu ne, an raba su cikin labarai biyar. Kada a haɗa shi da fim ɗin Hayao Miyazaki na 1997 mai kama da wannan suna, hanyarsu daban. Kalmar mononoke tsohuwa ce a harshensu, tana nufin iskar da ke shafar mutum ta sa shi ciwo ko ta halaka shi. Yawancin labaran suna faruwa a zamanin da suke kira Edo, wanda ya kama daga 1603 zuwa 1868. Zanen kuwa sai ka ce a kan tsohuwar takarda mai tamoji aka yi shi, launuka sun cika ido kamar kantin atamfa, kuma duk sanda za a sauya wuri sai a ja ƙofofin takarda a rufe, a buga itacen nan. Jini bai cika bayyana ba. Tsoron yana zuwa ne daga shiru, da ƙofar da ta buɗe kanta, da dariyar jariri a ɗakin da babu kowa.

Jarumin ba shi da suna, mai sayar da magani kawai ake ce masa. A akwatinsa akwai takardun tsari da yake mannawa a bango, waɗanda yaranmu suka ce layu ne, da wasu ƙananan ma'aunai da ke karkata wajen da iska take, da takobi guda. Sai dai takobin yana da sharaɗi: ba ya fita daga kube sai an san abu uku. Na farko siffar iskar, wato wace iri ce. Na biyu gaskiyar abin da ya faru har ta samu. Na uku dalili, wato abin da ke ƙunshe a zuciyar da ta haife ta. Duk sanda aka gano ɗaya sai kan da ke bisa ƙotar takobin ya haɗa haƙora, ƙas! Kafin a cika ukun, ko mutane na mutuwa a gabansa, mai magani ba shi da abin yi sai tambaya.

Cikin mako biyu gidan ya rabu uku a kan wannan shiri. Yara dai tsoro suke saye da kuɗin data, su kalla su kasa fita bayan gida su kaɗai, gobe su dawo. Suna kiran sunayen dodannin Japan tiryan-tiryan, alhali in ka tambaye su wace ce Ƙoƙi sai su dubi juna. Baffanmu, wanda ke koyar da karatun allo kuma ana kawo masa marasa lafiya don ruƙiyya, ya leƙa sau ɗaya ya ce wannan koyar da yara camfi ne, mutanen da ba su san Allah ba suna raya cewa mamaci na dawowa ɗaukar fansa. Ba mu yi masa musu ba, domin a aƙidarmu wanda ya mutu ya tafi ke nan.

Kakarmu ce ta ba mu mamaki. Ba ta jin Turancin da ake rubutawa a ƙasan hoto, balle Japananci, don haka ƙanenmu ke fassara mata. Ta saurara har aka gama labarin farko, sannan ta ce masa: “Maigidana, wannan bokan ya san aiki. Ka lura bai damu da iskar ba? Mutanen gidan yake tsarewa da ido.”

Ita ta taso a lokacin da ake jin goge da garaya a wasu lungunan zango in dare ya yi, ta ga 'yan bori da idonta, ko da yake ba ta taɓa shiga ba. Ta ce a can ma aikin farko shi ne a san wanda ya hau: Sarkin Rafi ne, ko Ɗan Galadima, ko Inna Doguwa, kowane da kiɗansa da irin tufafinsa. Amma tsofaffin matan da suka ƙware, in ji ta, bayan an watse sukan ja uwar yarinyar gefe su tambaye ta abin da ke faruwa a ɗakin mijin. Ta ce wannan tambayar ce rabin maganin, kuma ita ce aka fara yarwa.

Da muka koma muka sake bin labaran da wannan ido, sai muka ga haka abin yake daga farko har ƙarshe. A labarin masauki, wata mai juna biyu ce ta nemi mafaka cikin dare aka sa ta a wani ɗaki da ba a buɗewa. Yaran iskoki suka dinga fitowa. Ashe gidan a da na karuwai ne, kuma a ɗakin nan uwar gidan ke zubar musu da ciki don kada kasuwa ta tsaya. A labarin jirgin ruwa, wani babban malamin addininsu ya shekara hamsin ana girmama shi, alhali ƙanwarsa ce ta shiga akwatin da aka jefa a teku a madadinsa, kuma abin da ya kasa gaya wa kansa shi ne a ranar ya ji daɗi da ya tsira. A labarin ƙarshe, wanda aka matso da shi zamanin jirgin ƙasa, an jeho wata 'yar jarida daga kan gada saboda ta gano almundahanar manya. Wanda ya kashe ta mutum ɗaya ne, amma iskar ta tara mutane da dama a tarago guda: direban da ya ji ya taka wani abu ya gaya wa kansa kyanwa ce, da matar da ta ji hayaniya ta yi shiru don kada nata asirin ya tonu, da ma'aikaciyar gidan shayi da ta ba da shaidar ƙarya, da ɗan sandan da ya rufe bincike. Kowannensu ya ɗauka nasa laifin ƙarami ne.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne labarin Ocho. Tun tana yarinya uwarta ke horar da ita don ta auri gidan masu daraja. Ta samu auren, ta zama baiwa a madafa, dangin miji na ci suna sha suna aikenta kamar ba mutum ba. An ce ta kashe su duka, amma da mai magani ya bi diddigi sai ya tarar wadda ta daɗe tana kashewa ita ce kanta, kullum kaɗan-kaɗan, tun ranar da ta koyi murmushin da ba nata ba. Iskar da ke tare da ita ba ta da fuska. Mu da muke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, sai ga mace an shafe mata fuskar baki ɗaya.

A daren da muka kalli wannan, babu wanda ya ambaci sunan yarinyar gidanmu, amma duk manyan da ke wurin ita suke tunani. Shekaru kaɗan da suka wuce aka aurar da ita ga wani mai hali, ba tare da an nemi jin ta bakinta ba. Wata uku da tarewa ta fara faɗuwa. Takan sandare, ta yi magana da muryar da ba tata ba, ta ce ba za ta koma gidan ba. Aka ce aljani ne ya aure ta. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yi ruƙiyya dare da rana, aka kai ta wajen wannan aka kai ta wajen wancan. Mun tambayi aljanin sunansa, da garinsu, da addininsa, da abin da yake so. Ita kuwa mai jikin, a cikinmu babu wanda ya zaunar da ita lokacin da take cikin hayyacinta ya ce, 'yar uwa, me ake yi miki a gidan can? Duk sanda ta lafa sai a yi mata wanka a mai da ita. Mun ga tabon da ke wuyan hannunta, muka ce faɗuwar ce ta jawo.

Ba mu zo nan don musun aljanu ba. Allah Ya halicce su, akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani, kuma addu'a magani ce. Abin da muke tuhumar kanmu da shi daban ne. Siffa muka nema muka tsaya a nan, domin ita ce tambayar da ba ta kunyata kowa. In aljani ne, to uban da ya ba da ita ba shi da laifi, mijin ba shi da laifi, mu maƙwabta da muka ci shinkafar biki ba mu da laifi. Gaskiya da dalili kuwa suna da sunayen mutane a cikinsu, mutanen da muke haɗa sahu da su a masallaci.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu mazauna zango. Tun zamanin kakanninmu fataken goro muke zaune a tsakiyar wasu al'ummu, mu 'yan kaɗan, kuma mun san irin kallon da wasu ke yi wa unguwanninmu. Wannan ya sa muka riƙe rufin asiri da hannu biyu. Ba a kai maganar gida waje, ba a kai ƙarar ɗan uwa gaban hukuma, kada a ce ga halin 'yan zango nan. Rufin asiri ya yi mana rana: shi ya sa maraya bai kwana da yunwa ba, wanda ya karye a kasuwa aka tallafe shi ba tare da an ji ba. Amma mayafin da ke rufe mabuƙaci shi ne kuma azzalumi ke shiga ƙarƙashinsa. Uwar masaukin nan ma tana ganin gidanta take karewa.

Mun kai wa Baffa wannan magana muna ɗari-ɗari. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce har yanzu bai yarda yara su kalli abin su kaɗai ba, kuma muna tare da shi a nan, domin shirin na manya ne, a Japan ma cikin dare ake nuna shi. Amma ya ƙara da cewa a shekarun da ya yi yana karatu a kan marasa lafiya, sau da yawa muryar da ke fita daga bakin mace tana faɗin abin da ita matar ba ta isa ta faɗa ba a gaban surukai. Ya ce ya sha jin haka ya wuce, domin an kira shi ne ya kori aljani, ba a kira shi sulhun aure ba. Ya ce Musulunci bai bar mu da uzuri ba, tunda an umarce mu da neman izinin budurwa kafin a aurar da ita, an kuma hana mu ɓoye shaida. Abin kunya ne, in ji shi, a ce sai masu zanen katun daga wata uwa duniya ne za su tuna mana da abin da ke cikin littattafanmu.

Yarinyar nan tana raye. Wata gwaggonta ce daga ƙarshe ta zo daga Tamale, ta kulle ƙofa da ita yini guda, ta fito ta ce auren nan ya ƙare ko duniya za ta tashi. An yi surutu, an yi gaba, har yau akwai gidajen da ba sa gaisawa. Yanzu tana ɗinki, kuma rabon da ta faɗi tun watan da aka raba auren. Wasu na cewa ruƙiyyar ce ta kama daga baya. Allah ne masani. Mu dai mun san tambayar da gwaggon ta yi ba ta fi ƙarfin bakin kowannenmu ba, kuma mun shekara biyu muna wuce yarinyar a bakin famfo ba mu yi ta ba.

Yaran sun gama shirin sun koma wani. Kaka ta yi amfani da damar, yanzu in an ɗauke wuta takan tara su ta yi musu gatanan gatananku, kuma sun gano Dodonmu ma ba kanwar lasa ba ne. Mu manya kuwa abin da ya rage mana shi ne ranar da za a sake cewa wance ta faɗi. Za a kira malam, kuma daidai ne a kira shi. Muna roƙon a samu mace ɗaya mai hankali da za ta zauna da ita bayan an watse, ta tambaye ta, ta kuma yarda da amsar ko da sunan wanda zai fito na wani babba ne a cikinmu.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da jin ta, Ya kare mu daga zaluntar na ƙasa da mu. Amin.