Daga Kano Zuwa Agadas: Abin Da Maƙeran Abzin Suka Koya Mini

Duk wanda ya taɓa ɗora ransa a kan tara wani abu, ko littattafai ne, ko tsofaffin kuɗi, ko tantabaru, ya san akwai ranar da ɗokin yake kwantawa. Abin da a da yake hana shi barci sai ya koma kaya kawai, ya tare wuri a ɗaki, ƙura ta lulluɓe shi. Ni nawa wuƙaƙen gargajiya ne. Na shafe shekara 15 ina bin Kasuwar Kurmi da kasuwannin ƙauye ina sayensu, tun daga askar wanzami da barhon mahauta har zuwa wuƙar damtse, sai da na tara sama da 40. Daga nan sha'awar ta fara dusashewa, har nakan yi wata uku ban buɗe akwatin ba. Ga kuma zamanin da muke ciki, wanda da an ambaci wuƙa sai hankali ya tafi ga 'yan daba da masu ƙwacen waya, har mutum ya ji nauyin faɗin abin da yake tarawa.

Ana cikin haka wata hidima ta kai ni Damagaram, na ce tunda an zo nan, bari in ƙarasa Agadas, garin da na daɗe ina jin labarin maƙeransa. Tafiya ce ta kimanin kilomita 450 zuwa arewa, ta Tanut da Adarbisanat. Gonakin gero suna ta raguwa har su ƙare, ƙaya da rairayi su karɓi ƙasa, raƙuma su maye gurbin shanu. Can sai ga hasumiyar babban masallacin garin ta bayyana, ginin jar ƙasa mai tsawon mita 27, da itatuwa sun fiffito daga jikinta. An fara gina masallacin a wajejen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. Kusa da shi fadar Sarkin Abzin take, masarautar da aka kafa tun ƙarni na 15. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Bahaushe ba ya baƙunta a nan, domin da Hausa ake ciniki, sai dai ya koyi cewa jika ita ce sefa 1,000.

Maƙeran Abzinawa, waɗanda a harshensu ake kira inadan, gadon sana'ar suke yi, kuma ba ƙarfe kaɗai suke aiki da shi ba. Su ne masu azurfa da tagulla, su ne masu sassaƙa sirdin raƙumi, matansu kuma su ne gwanayen aikin fata. Rumfar da na fi zama a cikinta ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Wani dattijo ne zaune a ƙasa, rawani ya rufe masa baki, ga 'yar uwar maƙera an kafa a gabansa, ga masaba da awartaki da magagari, jikansa yana ta zuga wuta. Guntun sifirin mota ya sa a gawayi har ya yi jawur, ya shiga bugu yana juyawa. Bai auna komai da ma'auni ba. Launin ƙarfen yake kallo, da ya kai inda yake so sai ya tsoma shi, ya ɗauko, ya goga magagari ya saurari ƙarar. Ya ce idan ƙarfe ya cika tauri karyewa yake yi, idan ya cika laushi ba ya riƙe kaifi, gwaninta duk tana tsakanin biyun nan.

Da ya ga na zauna da gaske, sai ya shiga ciki ya fito da wani tsohon takobi. Abzinawa takoba suke ce masa, kalmar da ba ta da nisa da tamu. Miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, da kwarmi uku a tsakiyar ruwansa, da tambarin jinjirin wata guda biyu. An lulluɓe mariƙinsa da fata da tagulla, domin a al'adarsu mai daraja ba ya son hannunsa ya taɓa tsiraicin ƙarfe. Ya kuma nuna mini wuƙar hannu, wadda suke kira telek, mai zoben fata a jikin kube, da ake zurawa a hannun hagu ta yadda dama za ta zaro ta nan take.

A nan tarihin Kano ya shigo. Da yawa daga ruwan tsofaffin takubban nan a Turai aka ƙera su, musamman a garin Solingen na ƙasar Jamus, ayari ya ƙetaro da su Sahara. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya iso Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa dubban ruwan takubba ne ke shigowa kasuwar Kano, a nan a yi musu mariƙi da kube, sannan a sayar wa Abzinawa da sauran maƙwabta. Daga baya maƙeran gida suka riƙa buga irin tambarin Turawan a kan nasu aikin, saboda masu saye sun yarda da shi. Ashe takobi ɗaya kan iya haɗa hannun Bajamushe da na badukun Kano da na maƙerin Abzin.

Da yake ba a ratsa iyaka da makami, hotunan wuƙaƙena kawai na tafi da su a waya. Na miƙa masa na ce, "Baba, duba mini waɗannan." Ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta wasiƙa. Wannan, in ji shi, kubenta aikin dukawan Hausa ne, dubi jar fatar da irin ɗinkin. Waccan ba a taɓa yanka da ita ba, don baƙi masu yawon buɗe ido aka yi ta. Wata kuwa ya daɗe a kanta, ya ce bakinta ya cinye saboda yawan washi, ma'ana ta yi wa wani gida hidima shekara da shekaru. Sannan ya ce, "Malam, wuƙar da ba a san maƙerinta ba marainiya ce. Ka nemo musu iyayensu."

Sai dai sana'ar tana cikin ƙunci. A da jirage kan sauke Turawa a Agadas lokacin sanyi, tseren motocin Paris zuwa Dakar ma ya sha ratsawa ta garin. Tawayen shekarun 1990 da na 2007, da sace ma'aikatan ƙasashen waje a Arlit a 2010, suka tsinke wannan ciniki. Wuƙar kanti mai araha kuma ta cika kasuwa. Samari da dama sun bar zugazugi sun tafi haƙar zinariya ko tuƙin mota. Haka abin yake a maƙerunmu na gida, inda dattijo kan rasu da iliminsa ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba.

Na dawo da wuƙa ɗaya tak, wadda aka ƙera a kan idona, amma na dawo da aikin da zai ci mini shekaru. Na sayi littafin rubutu na ware wa kowace wuƙa shafinta: inda na same ta, irin ƙarfenta, irin fatar kubenta, aikin da ake yi da ita, da sunanta a bakin masu ita. Na daina sayen duk abin da ya burge ni, na taƙaita ga wuƙaƙen hanyar fatake daga Kano zuwa Abzin. Duk ƙarshen wata nakan fito da su in goge, in shafa musu ɗan mai saboda tsatsa, musamman da damina, in mayar da su akwati in kulle, nesa da yara. Waɗanda suka fita daga tsarina na yi musaya da su. Ranar Asabar kuma nakan je wurin maƙera da dukawa da hoto a hannu ina tambaya. Har yanzu shafuka fiye da rabi ba su cika ba, kuma wannan giɓin shi ke tashe ni da ɗoki.

Shawarata ga duk wanda sha'awarsa ta yi sanyi ita ce ya dakata da ƙirga abin da ya mallaka, ya tashi ya je inda ake yin abin, ya zauna da masu yin sa. Ga ɗalibanmu na tarihi da na Hausa kuwa, ga fagen nazari nan a buɗe, ba sai an je Agadas ba. Kowane gari yana da unguwar maƙera, kuma dattawan cikinta ba za su jira mu har abada ba. Ya kamata gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai su haɗa kai da masu tara irin waɗannan kaya, a rubuta asalinsu tun masu sanin suna raye. Idan muka yi sakaci, jikokinmu za su taso ba su san wuƙa ba sai a hannun ɗan daba. Allah Ya kiyaye.