Allo da Hadda

Duk sa'ad da na ji almajiran Gidan Dahala suna nanata aya guda da almuru, sai in yi tafakkuri a kan hikimar da Allah Ya sanya cikin ƙwaƙwalwa, wadda ma'ajiyarta ta farko amon lafazi take riƙewa na 'yan daƙiƙoƙi, ga ta da ƙunci, har masani George Miller ya ƙiyasta ta da abubuwa bakwai a 1956, alhali ma'ajiyar dindindin ma'ana ta fi kamawa, bayan takarari da barci. Malaman Sakkwato sun daɗe da fahimtar haka, shi ya sa ba su yarda a wanke allo sai hadda ta zauna, kuma suka lazimci tilawa domin tsoron mantuwa.