Mai gangar Genesis

Mu nan, a fada ko a tasha, da murya muka san Phil Collins. Alhali da ganga ya shigo.

Gungun Genesis an kafa shi a 1967, a makarantar kwana ta Charterhouse, ta ƴaƴan masu hali a Ingila: su Peter Gabriel, Tony Banks da Mike Rutherford. Collins ba ɗan makarantarsu ba ne. Talla ya gani a jarida a 1970, aka ɗauke shi kiɗa.

Da Gabriel ya tafi a 1975, aka yi ta gwada mawaƙa, Collins ɗin ne ma ke koya musu waƙoƙin. Ƙarshenta aka ce: kai, taso gaba! Ko a nan bai saki ganga ba. Tsakar wasa sai ya ajiye makirufo ya koma kanta.