Babbar Sarewa da Amanar Maraya



Shekara goma sha tara ke nan muna riƙe da alƙalamin Maigida a nan Kumasi. Mun rubuta takardun aure da na sulhu, mun rubuta rabon gado da yarjejeniyar haya, amma ba mu taɓa zaton aikin magatakarda zai kai mu cinikin sarewa ba. Ga yadda al'amarin ya kasance.

Wani bawan Allah mai fataucin goro a unguwarmu ya rasu ya bar ɗa guda, ɗan shekara tara. Da aka raba gado sai aka damƙa rabon yaron a hannun Maigida, mu kuma muka shigar da shi littafi har kwabon ƙarshe. Yaro ya tashi yana karatun allo da asuba, yana zuwa boko da hantsi. A bokon ne aka koya masa atenteben, sarewar gora ta mutanen Kwahu, wadda marigayi Dakta Ephraim Amu ya gyara har ta shiga makarantun Gana. Daga ita ya koma kan sarewar ƙarfe ta Turawa, wadda ake busawa a gicciye. Ya ƙware har makarantu biyu suka ɗauke shi yana koya wa yara.

Bara, bayan Babbar Sallah, yana da shekara ashirin da uku, ya shigo zaure ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni abin da Baba ya bari. Ina so in sayi babbar sarewa, wadda ake kira alto."

Zaure ya yi tsit. Baffansa ne ya fara magana, ya ce gumin ɗan'uwansa ba zai ƙare a bututun ƙarfe ba, a saya wa yaro keke mai ƙafa uku ya riƙa ɗaukar fasinja. Wani dattijo ya kawo batun hukuncin busa. Maigida ya saurari kowa, sannan ya ce malamai sun yi saɓani a kan busa, wannan kuwa magana ce tsakanin yaro da malaminsa. Abin da ke wuyanmu shi ne aya ta 6 a Suratun Nisa'i, wadda ta umarci masu riƙon maraya su jarraba shi, in sun ga hankali a tare da shi su miƙa masa dukiyarsa. Ya juyo gare mu ya ce, "Malam, ka bi shi Ankara da kuɗin a aljihunka. Sarewa ba saninka ba ce. Mai sayen za ka duba mini."

A cikin mota, tsakanin Kumasi da babban birnin, yaron ya zama malami mu muka zama almajirai. Ya ce sarewar ƙarfe da aka saba gani tsawonta wajen santimita 67 ne. Ita alto ta kai wajen santimita 86, kuma ta fi kauri. Sama da ita akwai wadda ake kira bas, wadda in aka miƙe bututunta ya kusa mita ɗaya da rabi. Iskar da ke cikin dogon bututu ta fi jinkirin kaɗawa, shi ya sa murya ke sauka ƙasa, kamar yadda muryar babban ganga ta fi ta ƙarami zurfi. Yatsu iri ɗaya ake sawa a dukansu, sai dai inda ƙarama za ta ba da sautin da suke kira C, alto G na ƙasa take bayarwa, bas kuwa C ɗin take bayarwa amma a can ƙasa. Ya ce wani Bajamushe mai suna Theobald Boehm, mutumin Munich, shi ya tsara sarewar ƙarfe a 1847, daga baya ya ƙera alto, ya kuma fi ƙaunarta a tsufansa.

Muka tambaye shi, "To, ɗana, me ta fi taka da shi?"

Ya ce, "Kawu, masu busa ƙarama suna da yawa. In ana haɗa mabusa biyar ko shida, sai an nemi wanda zai riƙe ƙasa, shi ne ba a samu."

Kanti na farko da muka shiga, aka fito mana da alto tana walƙiya cikin akwati mai jan ƙyalle. Farashin bai kai abin da muka yi tsammani ba. Mun rantse da mu ne masu saye da a nan ciniki ya faɗa. Yaron ya haɗa ta, ya busa sama, murya ta fita tangaram. Ya gangaro a hankali, da ya iso sautuka uku na ƙarshe sai muka ji iska kawai, fuu, ba murya. Ya zaro wata 'yar siririyar takarda daga aljihu, ya riƙa sa ta ƙarƙashin marufan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, yana dannawa yana ja. A marufai biyu takarda ta zare salin alin. Ya ce suna yoyo. Kowane marfi yana da laushin shafi a cikinsa wanda ke toshe ƙofa, kuma sautin ƙasa ba ya fita sai duk ƙofofi sun rufe ruf. Mai kanti ya rage farashi, ya sake ragewa. Yaron ya yi godiya, ya mayar da ita akwati, muka fita.

Kwana biyu muna yawo. A rana ta uku aka yi mana kwatancen wani tsoho da ya yi ritaya daga busa, yana son rabuwa da kayansa. Alto ɗinsa ta dushe, azurfar jikinta ta goge a inda yatsu ke zama. Tana da kai biyu, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe. Yaron ya gwada duka. Miƙaƙƙen yana son dogon hannu, bayan ɗan lokaci kafaɗa ta fara ciwo. Lanƙwasasshen yana kawo marufai kusa da jiki, amma sai an koyi daidaita shi don kada ta riƙa juyawa a hannu. Ya gangara har sautin ƙarshe, ya riƙe shi. Mun ji shi a ƙirjinmu kafin mu ji shi a kunne.

Tsohon ya fito da bas, ya ce in an haɗa biyun zai yi rangwame. Mun ga idon yaron a kanta. Ya ɗauka, ya busa, bai kai ƙarshen jimla ba numfashi ya ƙare, domin babbar sarewa tana shan iska fiye da ƙarama nesa ba kusa ba. Ya ajiye ta ya ce, "Baba, wannan ta fi ƙarfin ƙirjina a yanzu, ta kuma fi ƙarfin aljihuna." Ya yi cinikin alto kaɗai, ya roƙi a rubuta takardar shaida, ya ware kuɗin mai gyara da zai canja shafin marufai, domin damshin damina da bushewar hunturu duk suna cin su. Sulusin gadon ya rage a aljihunmu.

Da muka dawo muka ba Maigida labari tiryan-tiryan. Ya sa aka kira baffan da dattawa bayan sallar isha'i, ya ce yaro ya busa. Muryar ba ta da ƙara. Sai da masu hira a ƙofar gida suka yi shiru sannan aka ji ta sosai. Mu da muka saba da kakaki da algaita, waɗanda ke tsaga taro su sanar da isowar sarki, wannan wani abu ne daban. Maigida ya ce ta tuna masa odurugya, doguwar sarewar kara mai zurfin murya ta fadar Asantehene a Manhyia, wadda ya sha ji in an je gaisuwar Akwasidae. Ya ce mabushinta magana yake yi da ita, kuma sai wanda ya natsu yake ji.

Baffan bai sauya ra'ayinsa a kan keke ba, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin tsoron talauci yake yi wa ɗan ɗan'uwansa. Amma da aka karanta masa lissafi, ya ji labarin kanti na farko, sai ya ce, "Ubansa ma haka yake da goro. Sai ya tona ƙasan huhu kafin ya taya."

A daren Maigida ya miƙa wa yaron sauran kuɗinsa a gaban shaidu uku. Muka buɗe littafi a shafin da muka fara shekara goma sha huɗu da suka wuce, muka rubuta kwanan wata, kowa ya sa hannu, muka ja layi.

Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya sa wa yaron albarka a sana'arsa, ya ba masu riƙon amanar marayu ikon sauke ta. Amin.