Zazzaɓin da Ba na Cizon Sauro Ba

Mai karatu, wata biyu cur ƙanwata ta yi tana fama da zazzaɓi a garinmu Fassi, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Aka ce na cizon sauro ne, ta sha magani. Aka ce taifot ne, wani mai kemis ya jera mata allurai. Sai ya lafa kwana uku, ya dawo. Gumin dare yana jiƙa mata zani, ta rame, tulun ruwa ma ya gagare ta saboda haki. Ni kaina ban kawo zuciya a raina ba.

Sai da muka kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita ya saurari ƙirjinta, ya ji wani huci tsakanin bugun zuciyar. Ya dubi mahaifiyarmu ya ce, "Hajiya, tana ƙarama ta taɓa ciwon maƙogwaro da kumburin gaɓoɓi?" Inna ta ce, "Ƙwarai, likita, mun ɗauka sanyi ne."

Ashe can ne tushen. Zuciya tana da ƙofofi 4 masu hana jini komawa baya. Wancan ciwon na ƙuruciya yakan bar tabo a kansu, tabon kuwa masauki ne ga ƙwayoyin cuta da ke shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru, ko allura mara tsabta. Su taru su yi curi a bakin ƙofar, suna cinye ta. Idan ɓarɓashin curin ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Hanyar gane cutar ita ce a ɗebi jini sau 3, a reni ƙwayar a ɗakin gwaji, a haɗa da hoton zuciya na eko. Amma magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka yi ta ɗura mata sun danne ƙwayar, gwajin farko bai nuna komai ba. Hoton ne ya tona curin.

Don haka, ɗan'uwa, idan zazzaɓi ya haura mako 2 yana ƙin magani, musamman ga wanda aka taɓa cewa yana da lalurar zuciya, ka nemi a saurari ƙirjinsa, a ɗebi jini kafin a ƙara wata allura. Duba faratansa ma, wani lokaci akan ga siraran layukan jini a ƙarƙashinsu.

Mako 6 ta yi ana ba ta magani ta jijiya. Da aka sallame ta, wajen likitan haƙori muka fara zuwa.