Kokawa da Kiɗa a Hanyar Dakoro

Daga Maraɗi zuwa Dakoro tafiyar kamar kilomita 120 ce. Mota na barin gari ta kama babbar hanyar Yamai har wajen Tsibiri, daga nan ta karya arewa, ta bi ta Sabon Mashi da Kornaka. Na bi wannan hanya cikin hunturu, a makon da ake gasar takobin kokawa ta ƙasa, da niyyar gaida wani ɗan uwana da aiki ya kai can. An riga an gama girbi, rumbuna sun cika, gonaki sun koma kara da rairayi. Itatuwan gawo ne kaɗai ke kore, awaki na zagaye gindinsu.

Tun daga tasha direbanmu ya soka katin waƙoƙi a rediyon motar. Waƙoƙin fina-finan Kano ne ke bin juna, can sai muryar Fati Nijar, wadda 'yar Maraɗi ce kafin Kano ta san ta. Ba wanda ya ce uffan sai da rana ta fara karkata. Wani dattijo da ke gaba ya duba agogonsa ya ce, "Ɗana, don Allah kashe wannan ka kamo mana kokawa, an kusa shiga fili."

Direba bai yi musu ba, ya ce, "To Baba." Amma wata Hajiya da ke kusa da ni, da buhun albasa a ƙafarta, ta ce, "Haba Alhaji, mako guda ke nan ba a jin komai a rediyo sai wane ya kā da wane. Mu da ba mu san kokawa ba mu toshe kunne ke nan?" Dattijon ya juyo da fara'a ya ce, "Hajiya, waƙar nan in kin so ta gobe tana nan cikin katin. Kāyen da za a yi yanzu, in ya wuce ya wuce."

Aka kamo kokawa. Mai sharhi na magana kamar numfashinsa zai ƙare, bayansa ganguna na tashi. Duk sanda mota ta gangara kwari sai muryar ta shiga shuuu, yaron mota ya miƙa hannu ta taga ya gyara wata waya da aka ɗaura a madadin eriya. Da aka yi wani kāye, samarin da ke kujerar baya suka buga ihu har direba ya taka birki.

Wanda bai san Nijar ba zai yi mamakin wannan zumuɗi. Gasar takobi ta faro ne a Tawa a 1975, kuma wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Kowace jaha cikin takwas na kawo 'yan kokawa goma, mutum 80 ke nan, ana zagayawa da gasar daga jaha zuwa jaha. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida a gasar Agadas ta ƙarshen 2023. Mafi yawan waɗanda ke iya lissafa maka waɗannan sunaye ba su taɓa taka filin gasar ba. Rediyo ce ta kai musu.

Mun ratsa Gulbin Kaba da goribarsa, muka wuce Kornaka, ƙasa na ƙara buɗewa. Da magariba muka shiga Dakoro. Gari ne da ke bakin iyakar noma da kiwo. Arewa da shi kwarin Tarka yake, kuma tun 1961 doka ta shata iyakar da noma zai tsaya ya bar wa dabbobi fili. Shi ya sa a kasuwar garin za ka ji Hausa da Fulatanci da Buzanci a rumfa ɗaya. Makiyayin da ya taso daga wajen Bermo da ƙaramar rediyo rataye a kafaɗa yana jiran jin farashin dabbobi da sanarwar raƙumin da ya ɓata, manomi na jiran labarin taki da iri. Kowa da abin da yake nema a akwati ɗaya.

Kashegari ɗan uwana ya kai ni wani gidan rediyo na garin, inda abokinsa ke gabatar da shiri. Ɗaki ne ƙarami, an manna katifar soso a bango don tare amo, ga makirufo biyu, ga kwamfuta an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. A jikin ƙofa an liƙa jadawalin mako, an goge wasu layuka da biro an rubuta "wasanni" a inda da akwai "kiɗa". Na nuna wa mai gabatarwar wurin, sai ya ce, "Malam, a nan rigimarmu take."

Ya yi mini lissafin a fili. Gidan rediyo mai zaman kansa na rayuwa ne da talla, da sanarwar biki da suna da rasuwa, da shirye-shiryen da ƙungiyoyi ke saye. Wuta da man janareta ba sa jira. Sa'ar kiɗa ba ta cin kuɗi, amma ba ta kawo su yadda ta saba, don ɗan kasuwa ya san saurayi na da waƙoƙinsa a salula. Sa'ar wasanni kuwa waya ba ta daina ƙara. Ranar Litinin, bayan Real Madrid ko Barcelona sun yi wasa, fada-fadar samari kan kira ɗaya bayan ɗaya, kowa na son a ji muryarsa yana yi wa abokin hamayya tsiya. Mai shago ya fi son a ambaci shagonsa a wannan sa'a. A makon takobi kuwa, in ka sa waƙa da la'asar, kai kaɗai za ka saurare ta.

Wannan lissafi ba a Dakoro ya fara ba. A Amurka an buɗe WFAN a New York a 1987, tashar da ba ta yin komai sai wasanni dare da rana. Tashoshin kiɗan rock, wato kiɗan gita mai amfani da lantarki, suka fara ɗaukar wasannin ƙwallo don riƙe masu saurare maza, daga baya wasu suka rasa gidan gaba ɗaya. WBCN ta Boston, wadda ta yi sama da shekara 40 tana kiɗa, ta sauka daga iska a 2009 don a buɗa wa tashar wasanni hanya. WYSP ta Philadelphia ta bi sahu a 2011. A Legas, Larry Izamoje ya kafa Brila FM a 2002 a kan wasanni zalla. Dalili ɗaya ne ko'ina: waƙa ta samu wasu hanyoyin isa kunne, wasa kuwa darajarsa na cikin jinsa a lokacin da ake yinsa.

A Nijar hanyar ta ɗan bambanta. Rediyon ƙasa ta fara a 1958, ta koma Muryar Sahel a 1974, kuma ita kaɗai ce a fili har sai da tashar R&M ta buɗe a Yamai a 1994, Anfani ta Grema Bukar ta biyo baya. Rediyon karkara ta farko ta tashi a Bankilare a 1999. A wancan zamani rediyo ce ƙofar mawaƙi. Ta nan Sa'adu Bori na Maraɗi ya shiga gidaje har Kano da Sakkwato, ta nan aka san waɗanda suka yi fice a gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987.

Da na fito na shiga kasuwa, na ga inda ƙofar ta koma. Wata rumfa ce ta cajin salula, faranti mai ɗaukar hasken rana a kan rufi, wayoyi jere a kan tebur kowace da lambarta a takarda. A gefe wani saurayi na zaune da kwamfuta yana zuba wa mutane waƙoƙi a kati. Wani Buzu da rawani ya miƙa nasa ya ce a cika masa da gita. Ta irin wannan hanya ce waƙoƙin Mdou Moctar, da ya fara ɗauka a Sakkwato a 2008, suka bi wayoyi suka ratsa Sahel kafin Turai da Amurka su san shi. Shi da Bombino na Agadas yanzu suna cika manyan zaurukan kiɗan rock a duniya, kuma ba su jira wata tasha ta buɗe musu ba.

Sai dai na tambayi saurayin ko yana da waƙar wani makaɗi na yankin Dakoro. Ya bincika ya ce, "Yallaɓai, sai dai na Kano da na Yamai da na Agadas." A nan maganar Hajiyar mota ta sami ƙarfi a wurina. Katin waya na ɗauke da wanda ya riga ya yi suna. Mai gurmi na ƙauye, da zabiyar biki, da makaɗin noma, ba su da situdiyo, ba mai zuba su a kati. Idan rediyon garinsu ta ba Madrid sa'arsu, ba su da sauran wuri. Haka matar da ke daka a tsakar gida, wadda ba ta da babbar salula, shirin zaɓi sonka ne ke kawo mata gaisuwar ɗanta da ya tafi ci-rani Libiya ko Legas, haɗe da waƙar da ya zaɓa mata. Ba ta kira a waya, don haka mai talla ba ya ƙirga ta, amma tana saurare.

Da daddare aka ce ana kokawa a wani ƙauye kusa da gari, muka hau kabu-kabu muka je. An yi da'ira a dandali, fitilun hannu na haska ƙura. Makaɗa uku na gefe. Wani saurayi siriri, guraye a damtse, ya tsaya yana jan ƙafa, kamar ba zai shiga ba. Sai makaɗin ya sauya kiɗa ya kama takensa, ya ambaci ubansa da garinsu. Nan take yaron ya daka tsalle ya faɗa fili yana kirari. Ba wanda zai iya ce maka ga inda kiɗa ya tsaya kokawa ta fara. Haka abin yake tun asali: Sagalo da 'yan kokawa, Ɗan Anace da Shago a fagen dambe. Jarumi ba ya tashi sai da makaɗi, makaɗi kuma da jarumi yake cin abinci. Na duba ko'ina a dandalin, ban ga ko ɗan rediyo ɗaya da na'urar ɗaukar murya ba.

Ban ga laifin tashar da ke neman abin biyan ma'aikatanta ba, kuma ba na ƙin ƙwallo. Maraɗi ta karɓi wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019, kuma har yau ana tuna zuwan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasa, gasar nahiya a 2012 da 2013. Amma sakamakon wasan Sifen na isa wayar saurayin Dakoro kafin mai gabatarwa ya buɗe baki, kamar yadda waƙar Kano ke isa. A waɗannan biyun tashar gari ba za ta taɓa cin tsere ba. Abin da ita kaɗai ke iya bayarwa yana nan kusa da ita: kokawar ƙauyuka bayan girbi, langa, tseren raƙuma, wasan ƙungiyoyin unguwa, da makaɗan da ke raka su.

Kafin in kama hanyar Maraɗi na koma wurin mai gabatarwar na faɗa masa abin da na gani. Ya ce kuɗin mai ne matsala, amma salularsa na ɗaukar murya, kuma mai shagon da ke biyan tallar Litinin ɗan wancan ƙauyen ne. Na ce to ya fara da shi. Tashar da ta aika yaro ɗaya dandali a daren kokawa za ta dawo da shirin wasanni da shirin kiɗa a tafiya guda, ta kuma ajiye muryoyin da ba wanda ke ajiye su a yau.